A Zubar da Naman, Ya Gama Aikinsa

Jama'a, ranar Talata awa biyar na yi a layi, rana na gasa mini ƙeya, don an yi shela cewa masu girma za su raba tallafin abinci. Har da buhuna na tafi. Da layi ya zo kaina, wani mai kati rataye a wuya ya miƙo mini littafi. Littafin girki! Bangonsa sai sheƙi yake.

Na ce, "Ranka ya daɗe, abincin fa?"

Ya ce, "Yana ciki, shafi ɗari biyu. Matsa, na baya ya zo."

Ashe Mai Girma Uban Ƙoshin Al'umma, Allah ya ƙara wa tumbinsa albarka, ya tare da kwamitinsa a wani otal har sati uku, suka gano cewa ba rashin abinci ke damunmu ba, rashin iya dafawa ne. Shi ne suka sa babban kukun otal ɗin ya koya mana. Shafi goma sha biyu na farko duk hotunansu ne, kowa da cokali a hannu yana washe baki. Maƙwabcina mai gyaran fanka ya ce shi kam ya gode, ya sa nasa a ƙarƙashin ƙafar tebur, tebur ya daina rawa.

Ni kuwa, da shegen taurin kaina, na ce sai mun gwada. Mahaifina ya yi wata guda a kwance, ya tashi duk ya zube, likita ya ce a ba shi nama ko ya maida jiki. Kaza ɗaya gare mu, ita ke yi mana ƙwai. Muka yanka ta. Na buɗe inda aka rubuta "Romon Ƙarfafa Jiki", na gyara zama a bakin kicin ina karanta wa uwar yara.

Ta ce, "Baban yara, shekara ashirin ina dafa kaza ba littafi."

Na ce, "Ai shi ya sa muke inda muke. Wannan manya yake ciyarwa."

Ganye iri huɗu da kukun ya lissafa, mai kayan miyan layinmu bai taɓa jin sunan ko ɗaya ba, muka tsallake. Ya ce a auna gishiri da sikeli, ta auna da ido. Ya ce a bar kazar a wuta awa huɗu. Awa huɗu fa! A ta biyu gas ya ƙare, muka koma gawayi. Uwar yara na leƙa tukunya tana cewa kazar nan ta narke, ni kuma ina hana ta saukewa, sai ka ce ni na rubuta littafin.

Sannan na juya shafi. Wallahi sai da na karanta sau biyu a zuci kafin bakina ya iya furtawa: "A tace ruwan da ƙyalle mai tsabta. A zubar da naman, ya gama aikinsa."

Ta tsaya da ludayi a hannu. "A zubar? A gidan wa?"

Ba mu zubar ba, mu ba mahaukata ba ne. Amma kuku bai yi ƙarya ba. Naman ya zama zare-zare, salam, kamar tsumman da aka wanke. Baba ya tauna, ya sake taunawa, ya kasa haɗiyewa, ya ture kwanon a hankali don kada in ji ciwo. Na ji ciwon kuwa. Kunya ta rufe ni, don wata kazar ba ta nan kusa.

Ya kurɓi romon, ya ce in maimaita masa layin nan na ƙarshe. Na maimaita. Mutumin nan shekara talatin da biyar ya yi yana kai takardu daga wannan tebur zuwa wancan, har ƙafarsa ta lalace, kuma tunda ya ajiye aiki ko mutum ɗaya daga ofishin bai leƙo ya ga ko yana numfashi ba.

Ya ce, "Kada ka ga laifin kuku, ɗan nan. A ofishinmu ma da wannan littafin ake aiki."

To, masu girma, mun gode. Romon dai ya yi daɗi, amma wannan ba sai na faɗa muku ba. Ku kuka saba shan sa.