Man Shanun Garin Nebbam

"Ya gajiyar hanya, Ma'u? Ya 'yan'uwan naki masu ƙafa huɗu?"

"Lafiya lau, Ya Kura, suna gaishe da baiwarsu. Sun ce in tambaya ko bana an shuka gyaɗa a kunyoyin nan na fuskarki."

A bakin kasuwar Kazaure aka yi wannan gaisuwa. Ya Kura Babarbariya ce mai sayar da turaren wuta, Ma'u kuwa Bafulatana ce daga wata ruga a bayan Roni, mai tallar nono da man shanu. Wasa ne tsakanin ƙabilunsu tun kakanni, saboda haka babu wanda ya waiwayo. Sai dai a ranar akwai magana a ƙasa. 'Yar Ya Kura ta haihu a Gwiwa, za a kai gara, kuma Ma'u ta daɗe tana tara mai domin wannan ciniki, har ta mayar da waɗansu masu saye.

"Ga man garar Zulaikha na kawo," in ji Ma'u, tana sauke ƙwarya. "Buɗe ki gani, ko da yake idon Barebari bai san abu mai kyau ba."

"Mayar da murfinki. Na ci gaba, 'yar nan. Gidana an daina cin man ƙwarya."

Ya Kura ta zaro wata kwalba daga jakarta, mai murfi ruwan zinariya da takarda mai sheƙi, ta ɗaga ta sama yadda makwabtan rumfa ma za su gani.

"Wannan fa?"

"Man shanu ɗan waje. A waya na fara ganinsa, wata Hajiya mai haƙorin Makka tana zuba shi a tuwo, ana kiɗa. Washegari na tarar da shi a sabon kantin nan mai ƙofar gilashi. Mai kantin ya ce saura kaɗan, manyan mata na rububi. Da ƙyar na samu wannan, na ce ya ajiye mini na gara."

"Ya fi nawa araha ke nan?"

"Araha? Allah ya kiyaye! Ya ninka naki. Abu mai tsada ai ba ya ƙarya. Shinshina ki ji. Naki hayaƙin kara yake yi, wannan kuwa ƙamshin Turai."

Ma'u ta karɓi kwalbar, ta shinshina, ta juya ta, ta ƙura wa takardar ido. Fuskarta, wadda ta fara ɓaci, sai ta saki.

"Karanta mini sunan, ke da kika yi yaƙi da jahilci har ya ci ki da yaƙi."

"Neb-bam," in ji Ya Kura, tana bin haruffan da yatsa. "Gari ne a Ingila, tsallaken Bamingam."

"Wa ya gaya miki?"

"Kunnena. Ke ba ki ji yadda sunan yake fita ba? Ku dai daga Roni sai Yankwashi, duniya ta ƙare."

Ma'u ta zauna a kan benci, ta yi dariya har ta share hawaye da gefen mayafi.

"Wayyo ni, baiwar kakana! Nebbam ai Fulatanci ne, mai ke nan. Ɗana Ashiru ne ya gama makaranta ya ce ƙwarya ba ta burge mutanen birni. Shi yake ɗibar man da na soya, ya ɗura a kwalba, ya manna takarda, ya kai kanti."

"Ƙarya kike yi! Ga saniyar Turawa nan a hoton."

"Dubi ƙahon hagu da kyau. Ita ce ta kore ki bara da kika zo rugarmu, kika bar takalmi ɗaya a garke."

Ya Kura ta kawo kwalbar kusa da ido. Ta daɗe tana kallo.

"La ilaha illallahu. Wallahi muguwar nan ce."

"Hajiyar waya kuwa ƙanwar mijina ce. Haƙorin ma aro ta yi."

"To ƙamshin fa? Ni da sana'ata ƙamshi, hancina ba ya kuskure."

"Tukunya ɗaya ce, Ya Kura. Hancinki ne ya karanta takarda."

Ya Kura ta gyara zaman ɗankwalinta, ta ɗaga haɓa kamar ita ce ta yi nasara.

"Ai wannan ya nuna na iya zaɓe. Kanti cike da kaya, hannuna bai sauka a kan komai ba sai abin baiwata. Na saya duka, har da na ƙwaryar. Amma da sharaɗi: Ashiru ya ɗura mini a kwalba, takarda da murfi. Ba zan shiga gidan surukai da ƙwarya ba."

"Kuɗin kwalba daban ne."

"Na ji, 'yar marowata. Kuma bakinki alaikum. A Gwiwa, Nebbam gari ne a Ingila."

"Kin manta surukan naki su wane ne? Tsohuwar gidan ko Hausa ba ta cika ji ba, sai Fulatanci."

Dariya ta ƙwace wa Ya Kura. Ta ɗauko ƙullin turare mafi girma a rumfar, ta cusa wa Ma'u a hannu.

"Karɓi, ki rage warin nono. In mun isa, ki jera kwalaben da kanki, rubutun ya kalli bango."