Farfesan Kunne na Mile One

Duk wanda ya ce ya taɓa sayen albasa a kasuwar Mile One ta Fatakwal amma bai san Alhaji Gimba ba, to ya koma ya buɗe buhunsa, wataƙila ba albasa aka sayar masa ba. Alhaji Gimba babban mutum ne ta kowace fuska: ta gaba, ta baya, musamman ma ta gefe. Tun yana siririn saurayi ya iso Fatakwal daga Yawuri, a saman motar kaya. Ya zauna, Allah ya buɗa masa, har ya kai matsayin da ba ya taɓa albasa da hannu, sai dai ya nuna ta da baki. Amma albasa hanyar abinci ce kawai. Ainihin girman Alhaji a kunnensa yake.

Shi da kansa ya gano haka, kuma bai ɓoye wa al'umma ba.

"Mutane jin waƙa suke yi," in ji shi, "ni kuwa fahimtar ta nake yi. Akwai tazara."

Shi ya sa 'yan layin albasa suka naɗa shi Farfesan Kunne. A bayan idonsa aka yi naɗin, amma da labari ya iso masa sai ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa mai fenti ya rubuta a jikin rumfa, a ƙasan lambar waya.

Bayan la'asar ake buɗe makarantar. Alhaji zai kishingiɗa a kujerarsa ta roba, wadda aka haɗa biyu don tsaro, masu dako da maƙwabtan rumfa su zauna a kan buhuna. Da zarar keke napep ya wuce da kiɗa, sai ya ɗaga yatsa ɗaya sama. Kowa ya yi tsit. Ya lumshe ido, ya girgiza kai a hankali kamar mai ɗanɗana miya.

Gaskiya ne ya fi rabin rayuwarsa a Fatakwal, amma Turancin burokan da ya iya bai wuce na ciniki da na faɗa ba. Harshen Ibo kuwa gaisuwa ɗaya ya riƙe, ta safe ce, kuma da yamma yake yin ta. Wannan bai taɓa hana shi fassara waƙa ba. Ƙaramin masani ne ke jiran sai ya ji kalmomi.

Akwai wata waƙa da ta cika gari a damunar da ta wuce. Alhaji ya saurare ta sau ɗaya, ya yi ajiyar zuciya.

"Wannan yaron yana kuka ne kan halin da Afirka ta shiga tun bayan tafiyar Turawa. Kun ji inda yake ta cewa alo, alo? Afirka yake kira, ta ƙi ɗauka."

A iya sanin sauran mutanen unguwar Diobu, yaron roƙon wata yarinya yake ta ɗaga wayarsa, kuma har sunanta ya faɗa. Amma ba wanda ya yi musu. Kallamu mai tattasai, wanda rumfarsa ke jikin ta Alhaji tun suna samari, ya gyaɗa kai kawai ya ci gaba da tsince ruɓaɓɓu.

Waƙoƙin Hausa na zamani ma ba su tsira ba. Muryar nan da na'ura ke sa ta karkarwa kamar mai magana a gaban fanka, Alhaji ya ce horo ne na maƙogwaro.

"Sai mutum ya daina cin mai da yaji kafin ya kai nan. Ni ma da ina yaro na kusa kaiwa, kasuwanci ne ya ɗauke ni."

Sai kuma wayarsa. Faffaɗa ce kamar faranti, mai ido uku a baya. Alhaji ya yi bayanin idanun ga duk wanda ya tambaya, da wanda bai tambaya ba.

"Wannan fuska yake ɗauka. Wannan nesa. Na ukun nan kuwa hali yake ɗauka, shi ya sa ba kowa nake yi wa hoto ba."

Wayar da fuska ake buɗe ta, sai dai ranar da aka saita ta Alhaji ba hula a kansa. Tun daga nan ba ta gane shi sai ya tuɓe. A duk faɗin Fatakwal, ita kaɗai ce Alhaji ke cire wa hula, kuma yana yi sau da yawa a yini, cikin ladabi.

"Kun ga tsaro? Ni da na saye ta ma ba ta gama yarda da ni ba."

Akwai kuma wata mata a cikin wayar da ake yi wa magana ta amsa. Alhaji yakan ba ta umarni da Hausa, da murya irin ta mai gida. Ita kuma takan ce da Turanci ba ta gane ba, a maimaita. Sai ya juyo ga majalisa ya ce, "Ta ce za ta duba."

A gida ma al'umma ba ta rasa rabonta ba. Matarsa Hajiya Haulatu da 'yarsu Kamila suna son wasan barkwanci a talabijin. Alhaji kuwa ba ya dariya. A ra'ayinsa, dariya kafin fahimta rashin tarbiyya ne. Saboda haka shi ke riƙe rimot. Da zarar ɗan wasa ya faɗi abin dariya, sai ya kashe sauti, ya gyara zama, ya yi bayanin dalilin da ya sa abin zai iya ba mutum dariya, da inda ɗan wasan ya yi kuskure. Kafin ya maido da sauti an shiga talla. A hankali Hajiya ta soma yawan zuwa duba jikin maƙwabciyarta Rakiya duk ranar wasa, Kamila na rakiyarta. Lafiyar Rakiya ƙalau. Talabijin ɗinta ma haka.

Ana nan sai zaɓen shugaban ƙungiyar masu albasa ya matso. Alhaji ya daɗe yana ganin kujerar tana kallonsa. Abin da ya rage kawai shi ne dattawa su gane cewa mutumin da ke cikinsu ya wuce albasa. Cikin wannan tunani ne Allah ya jefo masa Musaddiq.

Musaddiq haifaffen unguwar Mile 2 ne, ɗan wani mahauci da ya rasu, yana aiki da wani ƙaramin gidan talabijin. Suna da sabon shiri na barkwanci da ke zagaya kasuwanni. Ya zo layin albasa ne neman inda za su kafa kyamara, ya durƙusa ya gai da Alhaji, ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Na san za ku zo," in ji Alhaji. "Na yi mamaki ma da kuka daɗe."

"Baba Alhaji, ai shirin namu na wasa ne, na dariya..."

"Na sani, yaro. Shi ya sa kuke buƙatar mai fashin baƙi. Barkwancin yanzu ba ilimi a ciki. Je ka kawo kayan aikinka."

Musaddiq ya sake buɗe baki, Alhaji ya ɗaga yatsa. Ya rufe.

Ranar ɗauka Alhaji ya fito cikin babbar riga ta shadda mai sitati, wadda in ya motsa sai an ji kamar ana buɗe buhu, da baƙin tabarau, da turaren da ya danne warin albasar layin baki ɗaya. Shugabar shirin, wata mata 'yar Fatakwal da ba ta jin Hausa, ta dube shi sama da ƙasa, ta yi wa Musaddiq babban yatsa. Alhaji ya ga yatsan, ya karɓe shi a matsayin haƙƙinsa.

Aka riƙa kunna masa waƙoƙi yana fassarawa. Ya gano yaƙin duniya a cikin waƙar biki. Ya gano tsadar taki a cikin waƙar soyayya. Ya nuna wa kyamara idanun wayarsa, ya yi wa matar ciki magana, ta ba shi amsar da ta saba. Ana tsakiyar haka sai wani sauti ya taso, tit, tit, tit. Alhaji ya lumshe ido.

"Yawwa. Wannan sabon salo ne na matasan Legas. Kiɗa ɗaya, ba ado, ba hayaniya. Amma ku ji baƙin cikin da ke ciki. Wanda ya yi wannan maraya ne."

Motar kaya ce ke ja da baya a bakin layi. Mai kyamara ya juya ya ɗauke ta, ya dawo kan Alhaji, kafaɗarsa na rawa.

Aka sa ranar Asabar bayan la'asar za a nuna shirin. Alhaji bai yarda a kalli irin wannan abu a ɗaki ba. Ya sa aka kafa rumfar biki a ƙofar gidansa, aka jera kujeru, aka ɗauko hayar ƙaton talabijin da lasifika biyu masu tsayin mutum. Aka dafa jalof, aka kira mai tsire, aka sanyaya kunun aya. Dattawan ƙungiya suka zauna a sahun gaba, Malam Yahya a tsakiyarsu, tsohon da in ya nuna mutum a zaɓe, to an gama. Mata suna baya tare da Hajiya Haulatu. Kafin lokaci ya yi, Alhaji ya sa aka jona wayarsa da lasifikan, yana sako waƙoƙi yana katse su da bayani, har tsire ya huce.

Sai shiri ya fara. Fuskar Alhaji ta cika talabijin, ba ta bar wa komai wuri ba. Jama'a suka yi kabbara. Alhajin cikin talabijin ya buɗe baki ya faɗi jimlarsa ta farko, ana rubuta fassararta a ƙasa.

Dariya ta fashe daga lasifika, irin ta na'ura, ta mutane masu yawa.

Ya faɗi ta biyu, dariyar ta ƙaru, har da wata 'yar ganga. Da aka zo kan ido mai ɗaukar hali, sai aka maimaita wurin a hankali. Da aka zo kan maraya, aka nuno motar kaya tana ja da baya, aka dawo kan Alhaji ido a lumshe, aka sake nuno motar.

Kallamu ya cire hularsa ya toshe baki da ita. Wani dattijo ya ƙware da kunun aya. Daga baya aka ji muryar Hajiya Haulatu, wata irin dariya mai tsawo da ta daɗe a tsare, Kamila na bubbuga mata baya. Hannun Alhaji ya laluba kan gwiwarsa, amma ba rimot a wurin, mai hayar talabijin ne ke riƙe da kayansa.

Da wani ƙaramin mutum ne, da ya ruɗe. Alhaji kuwa ya jira aka gama, ya miƙe, ya gyara riga.

"Jama'a, kada ku yi mamakin dariyar nan. A ƙasashen da suka ci gaba haka ake tafi. In masani ya faɗi abin da ya girmi kan mutane, ba su da abin yi sai dariya. Sunanta dariyar girmamawa. Ku ma da kuka yi, ban riƙe ku ba, ita ce ta kama ku."

Wasu suka dubi juna. Malam Yahya bai taɓa zuwa ƙasashen da suka ci gaba ba, kuma mutum ne mai kyautata zato. Ya shafa gemu ya ce, "To, Allah ya sa haka ne." Har Alhaji ya fara jin ƙamshin kujera.

Nan take lasifikan suka ɗauki ƙarar kira. Alhaji ya duba wayar, ya ga sunan Musaddiq, fuskarsa ta washe.

"Gidan talabijin ne. Kada a cire igiyar. Ku yi shiru ku ji da kunnenku."

"Baba Alhaji, barka da yamma," muryar Musaddiq ta cika layi. "Ga madam, shugabar shirinmu, tana son magana da kai, amma don Allah in kana cikin mutane..."

"Ba ni ita."

Madam ta karɓa da ihun murna. "Oga Professor! You too much! Everybody dey call station!"

"Kun ji," in ji Alhaji. "Ta ce na yi yawa."

"I never see person act mumu like that, and your face no even shake!"

Alhaji bai fassara wannan ba. Mumu, wato wawa, na cikin 'yan kalmomin da ya sani sarai, don da ita yake kiran masu dako in sun yar da buhu. Sauran jama'a ma sun san ta, har yaran da ke leƙe ta katanga.

Madam ba ta tsaya ba. Ta ce suna son sa kowane mako. Ta ce ya dawo da kayan wasan nan nasa, rigar da tabarau, don sun dace da wawan sosai. Sannan ta roƙe shi ya faɗa mata abu ɗaya tsakaninsa da Allah. Alhaji yana tsaye, yatsansa na yawo a kan gilashin wayar, ya rasa ina ake kashewa.

Malam Yahya, da kunnensa ya fara nauyi, ya karkato wajen Kallamu.

"Me take cewa ne?"

"Tambaya take, Malam, wai wa ya rubuta masa maganganun."

"To, wa ya rubuta masa?"

"Babu kowa, Malam. Haka yake tun da na san shi."

Tsohon ya dubi Alhaji. Sannan ya jawo takalminsa da ƙafa, ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Ashe kuwa da mun ɗauki alhakinsa," in ji shi. "A bar maganar shugabancin albasar nan. Ba kyau a raba mutum da sana'arsa."