Yadda Za Ki Cinye Faranti Guda da Tumbi Mai Girman Ƙwai

Ke da likita ya zagaya wa bakin tumbi zoben roba don ki rage ƙiba, ya mai da buhu ya koma aljihu, barka da arziki. Kin sha romo zalla sati biyu, kin ci markaɗe sati biyu, yanzu cokali shida ke cika ki dam. Wannan duk asibiti sun koya miki. Abin da ba su rubuta a takardar sallama ba shi ne yadda za ki yi da wasu ƙananan idanu biyu da ke zaune daura da ke suna ƙirga lomarki. In kina da 'yar shekara huɗu a gida, kin san idanun da nake nufi.

Kwantar da hankalinki. Bi matakan nan bakwai, na yi miki alkawari cikin wata guda 'yarki za ta rantse ke ce sarauniyar ci a gidanku. Ba daga littafi na kwaso su ba. Wata tela ce ta gwada su ɗaya bayan ɗaya, wadda shagonta ke jingine da gidanmu. Maman Aku muke ce mata. 'Yar tata ake wa laƙabi da Aku, don ba a yin abu a gabanta sau biyu ba ta ɗauka ba.

Mataki na 1: Ki yarda da abin da manya suka ce

Wata uku da yin aikin, Maman Aku ta lura da wani sabon salo. Yarinyar da a da sai an ƙwace mata cokali, yanzu loma uku take yi ta turo farantin gaban uwarta.

"Na ƙoshi."

"Ina kika ƙoshi, ko rabi ba ki ci ba?"

"Na ƙoshi, Mama."

Ranar awo nas ta ɗora Aku a sikeli, ta duba kati, ta sake ɗora ta. Kilo guda ya tafi. A jikin Maman Aku kilo guda abin murna ne, a jikin 'yar shekara huɗu kuwa abin tayar da hankalin uwa ne.

Kakar yarinyar ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce, "Kwaikwayo ne. Kin zauna kina tsattsagar abinci kamar kaza mai mura, me kike so ta koya?" Baban Aku ya gyaɗa kai. Nas ma ta ce yara kan yi haka.

To, da zarar mutum uku sun haɗu a kan magana, an gama. Kar ki wahalar da kanki da tambayar yarinyar. Yaro ba a tambayarsa, fassara shi ake yi. Matsalar ita ce tana ganin ba kya ci. Maganin shi ne ta ga kina ci.

Mataki na 2: Ki gina tsauni

A asibiti an ce ki riƙa ci a ɗan farantin shayi. Ɓoye shi a bayan tukwane. Ɗauko wanda ya fi kowanne faɗi a gidan, ki tula shinkafa har sai ta kare miki fuskar mijinki, ki kwarara miya, ki dasa cinyar kaza a ƙoli kamar tuta.

Ta ɓangarenki, inda yarinya ba ta hangowa, ki ware ainihin rabonki: ɗan kifi mai laushi da dankali murtsukakke, cokali shida. Wannan shi ne abinci. Sauran ado ne.

Da Maman Aku ta dire nata tsaunin a rana ta farko, Aku ta miƙe tsaye a kan kujera ta leƙa shi sama da ƙasa, fuskarta ta washe. Uwar ta ce a ranta, an zo wurin.

Mataki na 3: Ki koyi taunar iska

Dama likita ya ce kowace loma a tauna ta sau talatin, kar a kora da ruwa. Wannan ya taimake ki, tunda bakinki ba zai zauna ba. Tsakanin loma ta gaske da 'yar uwarta, ki kai cokali uku babu komai a ciki. Ki kumbura kumatu, ki lumshe ido, ki ce, "Kai, miyar nan." Cokali ya riƙa bugun faranti, don ƙara rabin shaida ce.

Amma nan zan ajiye wasa in yi miki magana ta uwa da uwa: kar zumuɗi ya ɗebe ki ki haɗiye abin ado. Maman Aku ta taɓa gwadawa. Ta ga yarinyar ta ƙura mata ido, sai ta yagi tsokar kaza da ɓallin burodi ta tura gaba ɗaya. Lomar ta je bakin zobe ta ce nan gani nan bari. Minti ashirin ta yi a sunkuye a banɗaki, ƙirji kamar an soka taɓarya, hawaye da miyau suna tsere. Da ta buɗe ƙofa, ga Aku tsaye da farantinta a hannu biyu.

"Ki koma ki ci abincinki," in ji uwar.

Yarinyar ta koma. Ba ta ci ba.

Mataki na 4: Ki nemi ma'ajiya mai ƙafafu

Tsauni ba ya rushe kansa. Kwandon shara almubazzaranci ne, tukunyar fure kuma tana wari bayan kwana biyu. Abin da ya rage shi ne miji.

Ki zaunar da shi a hannun damanki. Ki nuna taga ki ce, "Aku, dubi kyanwa a kan katanga." Kafin ta juyo, rabin tsauni ya yi hijira.

Baban Aku direban motar kaya ne, mutum mai sadaukarwa. Ya ci nasa, ya ci na matarsa, in an tashi kuma ya jawo ragowar da Aku ta turo ya share, don kar a zubar. Cikin sati uku ya ƙara wa bel ɗinsa huda biyu da ƙusa, sitiyari ya fara gogar masa ciki.

"Ke aka yi wa aiki, ni nake jinya," in ji shi, yana nishi.

"Lada kake samu."

"Ladan nan ya kusa ya hana ni ɗaure takalmi. Sannan ki tambayar min 'yarki me na yi mata. Ko sannu da zuwa ta daina yi min. In na ɗaga cokali sai ta bi ni da harara kamar na ci bashin kakarta."

"Ƙuruciya ce, za ta wuce."

Riƙe wannan amsa da kyau. Babu abin da ba ta rufewa.

Mataki na 5: Ki amshi yabo da hannu biyu

Yanzu jiki ya fara nunawa, masu kawo ɗinki kuma ba za su bar ki ki manta ba. A shagon Maman Aku, mace ba ta ajiye yadi sai ta dafe ƙirji tukuna.

"Ke kuwa ina sauranki?"

"Wallahi rabinki ya tafi."

"Ki yi a hankali fa, in kika ci gaba haka wata rana sai mu zo mu tarar da tef da almakashi kawai."

Ki yi dariya, ki ce sun gode. Kar ki damu da yarinyar da ke zaune ƙarƙashin teburin yanka tun da aka taso ta daga makaranta. Kowa ya san yaro in yana ƙarƙashin tebur kunnensa ba ya aiki.

Kowace Juma'a Maman Aku takan ɗauko rigarta guda ta farke gefe, ta ja alli, ta datse yatsa biyu ta kowane ɓari, ta maida kan keken ɗinki. Ƙyallen da ya faɗo, Aku ta tsince shi ta sa a gwangwanin biskit. Ba ta ɗaukar na kowa sai na uwarta. Uwar ta ce wa maƙwabta, "Kun gani ko? Tela za ta zama."

Awo na biyu, Aku ba ta ƙaru ba ko da giram ɗaya. Maman Aku ta dawo gida ta ƙara wa tsauni tsawo.

Mataki na 6: Ki shirya wa ranar mai kaya

Rana dubu ta ɓarawo. Ta mai kaya ta faɗo ran wata Asabar da azahar.

Aku ta yi lomarta uku, ta turo faranti. Uwar ta nuna taga. "Dubi kyanwa."

"Babu kyanwa," in ji Aku, ba ta ko motsa wuya ba. "Kullum babu."

Hannu dai ya riga ya saba. Shinkafa ta zube a gaban Baban Aku a idon yarinyar. Shi kuma, don ya gyara ɓarna, sai ya miƙa hannu zai jawo ɗan farantin nata kamar kullum. Aku ta dira daga kujera ta riƙe shi gam.

"Ba naka ba ne."

"To ai kin ƙoshi, uwata."

"Ban ƙoshi ba. Na Mama ne. Kullum in na bar mata sai ka cinye." Ta nuna farantinsa da yatsa. "Nata ma kai kake cinyewa. Dubi cikinka."

Baban Aku ya dubi cikinsa. Shaida ta yi yawa.

Uwar ta durƙusa a gabanta. "Ni kike bar wa? Don me?"

"Kina ƙarewa. Matar nan mai jan mayafi ta ce saura tef da almakashi." Ta ruga ɗaki ta dawo rungume da gwangwanin biskit, ta buɗe. Ƙyallaye ne cike, shuɗi da rawaya da mai furanni, an jera su a ninke. "Na ajiye miki. In kin dawo sai ki mayar."

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau bishiya ba zai hango ba. Ba a faɗa mana abin da yaro ke hangowa daga ƙarƙashin tebur ba. Wata biyu yarinya tana kwana da yunwa don ta ciyar da uwarta, iyayenta kuma suna ta shirya mata wasan kwaikwayo.

A wannan mataki ba a buƙatar dabara. Ki zauna a ƙasa ki rungume 'yarki. In kuka ya zo, ki bar shi. Mijin ma yana iya zuwa taga ya nemi kyanwa.

Mataki na 7: Ki manta da shidan farko

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Maman Aku ta ɗaga riga ta nuna mata 'yan tabo biyar. Ta kama yatsan yarinyar ta ɗora a kan ɗan maɓallin da ke ƙarƙashin fata, inda likita ke sa allura ya ƙara wa zoben ruwa ko ya rage.

"Da can jikina ya yi min nauyi, gwiwata na ciwo, ko ɗaukarki ba na iyawa in hau bene. Likita ya sa min zobe don tumbina ya zama ƙarami kamar ƙwai. Cokali shida ke cika shi. Ko kin ba ni naki, babu wurin sawa."

"Ni ma ina da zobe?"

"Ke ba ki da shi. Naki tumbin aikinsa ya gina ki."

Aku ta ɗauke yatsanta daga kan maɓallin. "To yaushe za ki daina ƙarewa?"

Nan ne sana'a ta yi rana. Ran Litinin Maman Aku ta kira asibiti ta tambayi inda ake sa ran nauyinta zai tsaya. Ta yanki yadi iri ɗaya ta ɗinka riguna biyu. Tata ta yi mata kaɗan, ko zif ba ya hawa. Ta Aku ta yi mata yawa, hannu har ya rufe yatsu. Ƙyallayen gwangwani kuwa ta harhaɗa su ta yi wa ƙaramar rigar manyan aljihu biyu. Ta rataye su a ƙusa ɗaya a bangon shago.

"Kin ga wannan? Ranar da ta shige ni, na tsaya, ba zan ƙara raguwa ba. Waccan kuma ba za ta zauna miki ba sai kin ci. Mu ga wa zai riga wani."

Da yamma aka fito da ɗan farantin shayi daga bayan tukwane. Uwa ta ci cokali shida cikin minti ashirin. 'Ya ta share farantinta, ta nemi ƙari, sannan ta kare shi da hannu tana kallon ubanta ta wutsiyar ido.

"Na tuba," in ji shi. "Wallahi ko an ba ni."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba likita ba ce, uwa ce kawai mai katanga ɗaya da tela. Duk abin da ya shafi zobenki, ki kai wa wanda ya sa shi. Yaro in ya rage ci, a kai shi awo, amma a hanya a tambaye shi dalili.

Babu ruwana da mijin da ya kumbura a Mataki na 4. Na Maman Aku har yau yana zagaya unguwa da sassafe, bel ɗin kuma bai yafe ba. Babu ruwana da abokiyar ciniki mai jan mayafi da aka daina gaisarwa. Alkawarin da na yi a farko ma na janye shi, wadda ta bi matakan nan a jere ita ta jiyo.

In kuma kina son sanin wa ya ci tseren, Aku ce, yau wata huɗu ke nan. Hannun rigar har ya ɗage mata. Ta ƙi yarda a cire ta uwar daga ƙusa, kuma kowace Juma'a in uwar ta gwada ta, ita ke jan zif ɗin da kanta ta ga inda ya tsaya. Saura yatsa uku.