Rigar Buhun Taki

Shekarar da taki ya gagari talaka, samarin ƙauyenmu suka fara ɗinka riguna da tsofaffin buhuna, don su kunyata Alhajin da ya ɓoye taki a sito. Ni kuwa, da furfurata, na ce ba za a bar ni a baya ba.

Ranar kasuwar Bagwai na tarar da irin rigar a rataye, sabuwa fil, har da rubutun boko a baya. Ajami kaɗai na iya, amma na tabbata zagin Alhajin aka rubuta. Na saya, na zura, na doshi taron samarin a gindin rimi. Na yi jawabi mai zafi, har da dukan ƙirji.

Da na juya zan zauna, sai wurin ya yi tsit.

Shugabansu ya ce, "Baba, ka san abin da ke bayanka?"

Na ce, "Gaskiya tsagwaronta!"

Ya karanta da ƙarfi: "Taki mai kyau sai shagon Alhaji."

Innalillahi! Ashe shi ya buga rigunan.

Har yau in na gifta sai su ce, "Baba, juya mu ga farashin yau."