Jirgin Ƙalƙashin Ƙasa da Rijiyar Kwargaba

"... lahiya lau nit tashi, bawana, tunda ba ka tambaya ba. Ina gajiyar zama? Ya bango? Na ga shi kaɗai ka ka hira da shi."

Maccido bai ɗaga kai ba. Shina zaune bakin zauren Goggo Kulu, takalman soja gehe guda, gizo-gizo ya yi saƙa cikin na hagu. Ɗan goggona na, ni ɗan kawunai, tun muna yawo ba wando ni ka zaginai shi ka ramawa, ba mai shiga tsakanin taubasai. Amma tun da yad dawo yaƙin Bama, ya biya ta Landan inda anka kai su yin macin soja gaban Turawa, bakinai ya mutu.

Ubanai, Baba Atiku, ya rasu Maccido na can. Shi yag gina rijiyar unguwarmu nan Kwargaba, mai zurhin da in ka jehwa tsakuwa sai ka yi alwala kahin ka ji saukatta. Bana laka ta cushe ta, guga taɓo shi ka hitowa da shi. Duk garin Maccido ɗai yag gaji shiga cikinta, shi ko ya rantse ba shi ƙara sa ƙahwa rami. Goggo da tsuhwanta ta koma ɗebo ruwa gulbi. Jiya ta hwaɗi hanya, tulu ya hwashe, gwiwa ta kumbura. Da sahe tac ce mani, "Mode, kai ɗai ad da izinin zaginai. Tahi ka zage shi."

"Lahiya," yac ce, da ƙyar.

"Ashe da sauran rai. To, ƙara nik kawo. An ce ka shiga jirgin ƙalƙashin ƙasa a Landan. Ran kasuwar Goronyo na ishe Lawwali mutumin Ƙonni, wanda Hwaransa sunka ɗauka soja. Ya ce na Landan ɗinku ramin gahiya na. Jirgi sai na Pari, birnin Hwaransa."

Nic ci gaba.

"Ya ce na Pari taki kaɗan za ka sauka ka ishe shi, awa ka duƙa ka shiga rumbu. Tasha ko kusa-kusa, in ka yi atishawa wagga, mutanen waccan ka yi maka addu'a. Da ɗakin sarakai, da ɗakin talakawa. Kuma akwai wata tsohuwa, aikinta ɗai ta yi ma jirgin turaren wuta kowace sahiya."

"Turare," yac ce. Leɓenai yad ɗan motsa. "Mun gamu da sojan Hwaransa. Sun ce wari shi ka yi, awa an toya ƙarhe da tahwarnuwa."

"Hassada ta! Bawan Ingilishi ba shi yabon kayan maƙwabci. To naku mi ag garai?"

"Zurhi."

"Zurhi ɗai? Kura ma tana da shi."

"Kai da iyakar tahiyarka Sakkwato, ka dawo kana kukan ƙahwa, mi za ni gaya maka? Matakala ta, ka tsaya bisa, ita ka tahiya da kai ƙasa. Ba ka ɗaga ƙahwa."

"Ƙarya ta! Maccido, ji tsoron Allah. Ni ad da ƙarya zuri'arga, kada ka ci mani gado ina raye."

"Gani ya kori ji. Kahin jirgin shi iso, iska ka rigayatai, mai ɗumi, ta bugi ƙirjinka awa numhwashin bajimi. Ramin a kewaye shi ke, jirgin ya cika shi tam, ko kaza ba ta raɓawa."

Cikin raina nay yi hamdala, don rabon da in ji magana mai tsawon wagga bakinai tun kahin a sa mishi jar darar soja. Sai nik ƙara itace.

"Duk da haka ba ku kai Masko ba. Wani malamin asibiti a Rabah ya karanta mani. Can tashar jirgi hwada ta, dutse mai walƙiya, hitilu na lilo bisa awa 'ya'yan kuka. Sai ka tuɓe takalmi bakin ƙohwa. Wani baƙauye ya shiga ya hwaɗi ya yi gaisuwa, ya kwana uku shina jiran sarki shi hito."

"Kwana ukun naka na."

"Biyu da rabi, to. Don kai."

"Na Amurka hwa?" Maccido yac ce. "Kai mai labarin duniya! Ba ka da labari ko? Wani baƙin mutum direban mota da munka zauna da shi Indiya, ya ce nasu na Niyok ba shi barci, dare da rana. Wani jirgin shi wuce tasha da tasha bai ko kalle su ba. Wani wuri shi hito ƙasa shi hau bisa kan gidaje."

"Wannan ba jirgi na ba, aljani na. Saurara in yanke hukunci, tunda ni ay yi elemantare har aji biyu kahin su gane ilimina ya hi na malam su sallame ni. Masko sarki. Pari amarya. Niyok mahaukacin kasuwa. Landan ko, da wanga zurhi nata, kushewa."

Ina ruhe baki nis san na taka ƙaya. Huskatai ta canza. Ya daɗe shina kallon takalman nan.

"Ba kushewa ba ta," yac ce a hankali. "Sun gaya muna, lokacin da jiragen sama ka zubo musu wuta, can ciki su ka kwana. Mata da jarirai, tsohwahhi, kowa da bargonai. Su ƙasa ta ɓoye su, Mode. Mu ta ci mu."

Ban ce komi ba. Ku rubuta wannan, don bai taɓa hwaruwa ba.

"Ka tuna Zayyanu na Taloka, mai gyaran tuluna?"

"Na tuna shi. Allah shi jiƙanai."

"Rami guda anka sa mu gindin wani tudu. Ruwan Bama ba irin namu na ba, ba shi ɗaukewa. Na hito ɗaukar abinci, tudun yaz zame yar ruhe ramin. Ni ɗan mai ginar rijiya, da hannu nit tona har hwarcena sunka hita. Ina kira shina amsawa. Zayyanu! Na'am. Zayyanu! Na'am. Ina jin shi nan kusa, awa yadda ni ka jin ka. Sai nik kira, ƙasa ba ta ce komi ba."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Sa'ad da sajan yas sa mu gaba munka sauka ramin Landan, na ɗaure. Matakala ba ta ba ni tsoro ba, duhu ma haka. Amma Turawa ba su magana cikin jirgi. Mutane cunkus rami guda, kowa ya ɓoye huska bayan takarda, ba mai cewa uhwan. Gumi yak karye mani. Tasha ta hwarko nih hito da gudu, sajan na zagina. Shirun na, Mode. In na sauka rijiyar Baba, ƙasa ta yi mani wanga shiru, can za ku ishe ni. Ka zaci ban ga gwiwar Inna ba? Na gani."

Nan nit tuna Baba Atiku. Muna ƙanana, in za shi sauka, samari su riƙe igiya, shi kuma shi aje Yari makaɗin kalangu bakin rijiya, ba don kiɗi ba, don surutu. Dokar gidansu ta: na bisa ba shi yin shiru, na ƙasa ba shi ƙin amsawa. In an yi magana bai amsa ba, iskan rami ya kama shi, sai a ja igiya ba shawara. Yari ya rasu shekaran bara, da shi da surutunai.

Nig gyara zama.

"Shiru kac ce?"

"Shi nac ce."

"Kai ko ka san wa az zaune gabanka? Ni da ungozoma tac ce kahin in yi kuka sai da nit tambaye ta ina gajiya? Ni da jakin kawu Hamidu yaj ji hirata daga Wurno zuwa Maikujera, da munka isa yan nemi a saida shi? Turawan Landan ka ka tsoro, ga ubangijinka raye?"

"Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba na. Kai ko igiyar akuya ba ka iya riƙo."

"Wa ac ce igiya za ni riƙe? Samari na nan ƙattai, ba su da aiki sai cin tuwo. Ni kujerar Yari za ni hawa. Ka sauka, in ba ka labarin jiragen duniya ɗaya bayan ɗaya. In ka ji ƙarya ka ce ƙarya ta. In na yi ba ka ce ba, mu jawo ka awa guga."

"In ƙaryar ta ƙare hwa?"

"Gulbin Rima ya riga ta ƙarewa."

Yad dube ni, yad dubi ƙohwar gida inda Goggo ta laɓe da sandatta, ta zaci ba mu gan ta ba. Sai dariya tak kuɓuce mishi, gajera, mai kaushi, awa ƙohwar da anka daɗe ba a buɗe ba. Idonai da ruwa. Yas shiga ɗaki yah hito da igiyar ubanai kahwaɗa, da jar darar soja hannu. Yak kihwa mani ita bisa kai.

"Riƙe mani har in hito."

"Ta shige ke nan. Kayan bawa na ubangijinai na."

"Allah shi isa, ɗan kawu. Ka ci."

Hantsi bai yi zahi ba unguwa ta taru. Anka yi bisimilla, samari sunka riƙe igiya, Maccido yaz zura ƙahwa. Nil leƙa nib buɗe maƙogwaro.

"Bawana! Ka san Wurno ma akwai jirgin ƙalƙashin ƙasa? Daga gindin kasuwa shi ka tashi, gara ka jan shi, albasa ka biyan kuɗin shiga!"

Igiya na tahiya, kainai ya ɓace cikin duhu. Can sai murya tat taso daga ƙasa, ƙarama, awa daga cikin tulu.

"Ƙarya ta!"

"Na Istambul raƙuma ka shiga, kowane da kujeratai!"

"Ƙarya ta!"

Kwandon laka na hwarko yah hito, baƙi ƙirin, mai wari, mata sunka yi guɗa. Maƙogwarona ya bushe, nid dakata in haɗiye yawu, nac ce, "Maccido, Goggo na nan zaune, tana sa maka albarka."

Ba amsa. Samari sunka ƙanƙame igiya za su ja. Sai Goggo Kulu tak kai mani sanda ga baya.

"Ɗan banza, gaskiya kah hwaɗi, mi za shi ce maka? Yi mishi ƙarya!"

"Goggo ta ce gobe za ta tahi Pari ta karɓi aikin turare!"

Daga can ƙasa dariya ta riga maganar isowa.

"Ƙarya ta!"