Rumbun da Ya Yi Magana

Shekarar da Nasara suka sa a ɗebi yara zuwa makarantar boko ta Boɗinga, na kasa zaune na kasa tsaye. Ni da nake taƙama babu mai dabarata a Lambara, sai na cusa ɗana Umaru cikin rumbun gero.

Da dogarin hakimi ya iso, na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, yaron shina Dandin Mahe wurin kakatai."

Sai rumbu ya ce, "Baba, in hito? Ƙaiƙayi ya dame ni."

Dogari ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Hito, baƙon Dandin Mahe."

Umaru ya daɗe da zama malamin makaranta. Amma har yau in na doshi rumbu, uwarsa sai ta ce, "Malam, a gaishe min da mutanen Dandin Mahe."