Ranar da Na Mayar da Bel Ɗin Malbaza Jirgin Ƙasa

Tsufa ya sa na manta abubuwa da yawa, amma ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Malbaza ba, ko da yake na so in manta.

Lokacin na dawo daga Faransa ke nan. Shekara biyu ina koyon injin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki (ni da ƙasarmu ba ta da ko taku ɗaya na layin dogo, kada ku tambaye ni wanda ya tsara wannan). Wata ma'aikatar fasa dutse ta ɗauke ni gwajin wata guda. In na ci, ni ne shugaban masu gyaran wuta. In na faɗi, sai gona.

Abin da na koyo ba shi da wuya. In jirgi zai tashi, a hankali ake ƙara wa injinsa ƙarfin wuta, mataki bayan mataki. Sai wutar ta kai maƙura, jirgi ya miƙe a fili, sannan a rage maganaɗisun da ke cikin injin. Gudu ya ƙaru, ƙarfin ja ya ragu. Wannan na ƙarshen shi ne na bari a Faransa.

Akwai wani bel mai hawa da duwatsu sama, injinsa irin na jirgi ne ƙarami. Malam Idi ke kula da shi, dattijon da bai taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, da kunne yake gane lafiyar inji. A ranar kuma Baba ya taso tun daga Tsarnawa da babbar rigarsa ta Juma'a don ya ga ɗansa na aiki. Kaina ya kumbura. Na ce wa shef, shugaban ma'aikatar, zan ninka masa gudun bel.

Malam Idi ya ce, “Ɗana, bel ɗin ga cike yake, kuma tudu yake hawa. Bari ya sauke kaya.”

Na ce, “Malam, haka ake yi a Turai.”

Na murɗa abin rage maganaɗisun injin. Injin ya yi wani gurnani, ya shiga zuƙar wuta, warin ƙuna ya tashi, fiyus ya buga. Bel ya tsaya, ya yi baya, ya juye duwatsun nan kaf a gindinsa. Farin gari ya rufe mu. Da ya lafa, ga Baba tsaye fari fat har gira, yana karkaɗe hularsa. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Malam Idi ya taɓa jikin injin, ya janye hannu, ya ce, “A Turai ma, in jirgin yana hawan tudu da kaya, haka kuke yi mishi?”

Na ce, “A'a.”

“To.”

Shugabanci ya wuce ni. Malam Idi ne ya roƙi shef aka bar ni ƙarƙashinsa, na yi shekara tara ina riƙe masa sufana, kowa na kirana Direban Jirgi. Tun daga nan, kafin in murɗa komai sai na leƙa abin da aka ɗora masa.

Da na raka Baba tasha da la'asar, bai yi faɗa ba. Ya dai ce, “In an tambaye ni gida, zan ce na iske ka kana aiki, har ƙura ta tashi.”